Babi na Bakwai: Shugaba Darman da Tambayar "Ɗan Ina Ne?"

A watan Janairun 1980, Najeriya ba ta cika wata huɗu da komawa mulkin farar hula ba, jami'an shige da fice suka yi wa Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman dirar mikiya a Maiduguri. Mutumin da suka zo ɗauka shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, dattijo mai kimanin shekara 60, wanda jama'ar mazaɓarsa suka zaɓa watanni kaɗan kafin wannan rana. Takardar da ke hannunsu tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin cikin gida na tarayya, Alhaji Bello Maitama Yusuf. Abin da ta ƙunsa gajere ne: wai Shugaba ba ɗan Najeriya ba ne, mutumin Cadi ne, kuma zamansa a ƙasar barazana ce ga tsaro. Aka karɓe fasfonsa, aka tsallaka da shi iyaka, aka sauke shi a ƙasar da aka ce tasa ce.

Cadi kuwa a lokacin wuta take ci. A shekarar da ta gabata Najeriya da kanta ta tara shugabannin ɓangarorin da ke yaƙi da juna, a Kano cikin watan Maris, a Legas cikin watan Agusta, tana neman sulhunta su. Sulhun bai daɗe ba, domin a watan Maris na 1980 mutanen Goukouni Weddeye da na Hissène Habré sun sake gwabzawa a tsakiyar Injamena. Wata biyu kafin wannan gwabzawa gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta tura zaɓaɓɓen ɗan majalisa can, ba tare da ta gurfanar da shi gaban alƙali ko na yini ɗaya ba.

Mai karatu na iya cewa, me ya kai littafin da ke magana a kan bakin iyakar Daura da Damagaram har Borno? Amsar tana cikin gidajenmu. Layin da ya raba Dawce da ƙasar Daura ta yau, Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja shi a kan takarda, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sannan ayarin Kyaftin Tilho da takwarorinsa na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. An raba haraji, an raba kumandan da joji, daga baya aka raba tuta da kuɗi. Auratayya kuwa ba ta tsaya ba. Saurayi daga Dawce ko Kance ya auro yarinya daga ƙauyukan Zango ko Mai'aduwa. Cikin fari ya tsufa, sai al'ada ta yi aikinta: a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki. A can za ta haihu, a ɗakin uwarta, a hannun ungozomar da wataƙila ita ta yanke wa ita maijegon cibiya. A can za a yanka ragon suna, dangin miji su tsallako da goro a kan babura. Ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, ta yi arba'in, sannan a rako ta ɗakinta da jariri a baya da kayan gara a amalanke. Ba a rubuta komai ba a wancan gefe, ba a rubuta komai ba a wannan. Yaron zai tashi yana noma gonar ubansa a Nijar, yana cin kasuwar Mai'aduwa da naira, yana yi wa kakarsa yawon salla ta Kwangwalam. Shekara arba'in za su wuce ba wanda ya tambaye shi ɗan ina ne. Ranar da za a tambaye shi ita ce ranar da ya nemi wata kujera da wani ma yake so.

Tushen Shugaba bai yi nisa da wannan ba. Mahaifinsa mutumin Bagarmi ne, an haife shi a ƙasar da yau ake kira Cadi, ya kuma zo ya zauna Maiduguri a farkon zamanin Turawa. Zamani ne da gabashin ƙasar nan ya hautsine. Rabeh ya ci Bagarmi, ya ci Borno a 1893, ya kafa hedkwatarsa a Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, dubban mayaƙa da bayi da fatake suka watsu suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Ita kanta Yerwa, wato Maiduguri, sabon gari ce a lokacin. A 1907 Shehu Garbai ya tare a cikinta. Kusan kowa a garin daga wani wuri ya zo. A nan wannan mutumin Bagarmi ya yi aure, a nan aka haifi Shugaba wajen 1920, shekara 40 kafin a sami wata ƙasa mai ƴancin kai da ake kira Najeriya ko Cadi.

Ya yi rayuwarsa a Borno kamar kowa. Gwamnatin Najeriya ta ba shi fasfo. Da aka buɗe fagen siyasa a 1978 ya bi Alhaji Waziri Ibrahim, attajirin nan kuma tsohon minista a jamhuriya ta farko, wanda ya ɓalle daga NPP ya kafa GNPP da takenta na siyasa ba da gaba ba. Hukumar zaɓe ta FEDECO ba ta wasa da tantance ƴan takara a 1979. Ita ce ta so ta hana Malam Aminu Kano da Dakta Azikiwe tsayawa a kan batun takardun haraji, sai da aka je kotu. Wannan hukuma ta duba takardun Shugaba ta wanke shi, ya tsaya, ya ci. GNPP ta lashe kujerar gwamna a Borno da Gongola. Muhammadu Goni ya hau a Maiduguri, Abubakar Barde a Yola. A majalisar Borno jam'iyyar ta sami rinjaye, ƴan majalisarta suka ɗora Shugaba a gaba.

Kada a raina wannan kujera. Gwamna a tsarin 1979 bai isa ya kashe ko kwabo ba sai majalisa ta amince da kasafinsa, bai isa ya naɗa kwamishina ba sai ta tantance. Shugaban masu rinjaye shi ne mai riƙe ƴan jam'iyya wuri ɗaya, mai bin su gida-gida idan an fara zawarcinsu, mai tabbatar da cewa ranar ƙuri'a hannuwa sun tashi. Wanda yake son ya ga abin da rashin irin wannan mutum ke jawowa ya dubi Kaduna a daidai wannan lokaci. Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, majalisa kuwa ta NPN ce, jam'iyyar Shagari. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981. Goni bai ga irin wannan rana ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne majalisarsa tana hannun mutanensa. Ga shi Shugaba mai baki ne. Idan ya hau duro jama'a na taruwa, kuma bai iya sassauta wa NPN ba. A arewacin da jam'iyya mai mulki take ganin gidanta ne, Kano da Kaduna sun riga sun kuɓuce mata zuwa PRP, Borno da Gongola zuwa GNPP, kuma gwamnonin nan huɗu sun fara zama da gwamnoni biyar na UPN ta Cif Awolowo. Mutumin da ke riƙe da majalisar Borno ya wuce a kira shi ɗan siyasar jiha kawai.

Ya kamata a yi wa gwamnatin Shagari adalci a abu ɗaya. Tsoron da take ji game da iyakar gabas ba ƙirƙira ba ne. Makamai suna shigowa, ƴan gudun hijira suna kwararowa, kuma kafin shekarar ta ƙare rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano, aka rasa dubban rayuka, shugabansa kuwa asalinsa daga Marwa ne ta Kamaru. Amma idan har Shugaba yana da hannu a wani mugun abu, ga ƴan sanda, ga kotu, ga dokar cin amanar ƙasa. Tuhuma tana buƙatar shaida. Kora ba ta buƙatar komai sai sa hannun minista da mota mai mai. Zaɓen da gwamnati ta yi tsakanin hanyoyin nan biyu shi ya tona asirin abin da take nufi, kuma a ganina babu wani bayani da zai wanke ta.

Ƙasar ta ɗauki zafi. Jaridun ƴan hamayya suka sa maganar a gaba, jam'iyyun da ba sa ga maciji da juna suka haɗa baki. Gwamnati ta ce za ta kafa kwamitin bincike, mutanen Shugaba kuwa suka nufi Babbar Kotun Maiduguri, ƙarar ta faɗa gaban Mai Shari'a Oye Adefila. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai daga wannan dambarwa shi ne labarin uwa biyu. An ruwaito cewa an fito da wata mata daga Cadi tana kuka tana cewa Shugaba ɗanta ne, a mai do mata da abinta. Shi kuwa ya ce bai taɓa ganin ta ba, mahaifiyarsa tana nan da ranta a Maiduguri, tsohuwa da ido ya yi wa rauni, kuma mutanen gari sun san ta. Duk wanda ya san darajar uwa a ƙasashen nan ya san girman abin da aka yi wa wannan dattijo. An ɗauke shi daga garinsa, sannan aka nemi a sauya masa wadda ta haife shi.

Alƙali bai bi hayaniya ba, ya buɗe tsarin mulkin 1979. Sashe na 23 ya tanadi cewa wanda aka haifa a Najeriya kafin samun ƴancin kai ɗan ƙasa ne ta haihuwa, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asalin ƙasar. Ɗaya aka ce, ba a ce uba ba. Shugaba bai musanta asalin mahaifinsa ba, kuma ba ya buƙatar ya musanta. Mahaifiyarsa ƴar ƙasa ce, wannan ya wadatar. Sashe na 38 kuma ya hana a kori ɗan ƙasa ko a hana shi shigowa. Kotu ta soke takardar korar, ta ce karɓe fasfon ma tauye haƙƙi ne, ta yanke masa diyyar naira 350,000 a zamanin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, ba ta yi nasarar mai da shi baƙo ba. Har yau ɗaliban lauya a Najeriya suna karanta wannan shari'a.

Mu da muke zaune a tsohuwar ƙasar Daura bai kamata wannan hukunci ya zo mana da mamaki ba. Labarin da muka tashi muna ji ya ce Bayajidda daga gabas ya zo, ya kwana a gidan tsohuwa, ya kashe macijin Kusugu, ya auri sarauniya Daurama, suka haifi Bawo. Ko a ɗauki labarin tarihi ko a ɗauke shi almara, abin da yake koyarwa a fili yake: ƴaƴan Bawo sun gaji jarumta ta wajen baƙo, ƙasa da sarauta kuwa ta wajen Daurama suka same su. Mutanen da ke alfahari da wannan asali ba su da bakin cewa dangin uwa ba dangi ba ne.

Ba ko'ina aka yi irin wannan ƙarshe ba. Shekara 23 kafin korar Shugaba, a Gana, wani Bahaushe ya sha irin wannan ɗaci bai sami mai ceto ba. Alhaji Amadu Baba jigo ne a Zangon Kumasi kuma babba a jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da ƴan hamayyar Asante a kan CPP ta Kwame Nkrumah. Ƙuri'un zango suna da nauyi a Kumasi, kuma suna bin bakinsa. Watanni kaɗan bayan Gana ta sami ƴanci a Maris na 1957, gwamnati ta ba da umarnin korar sa shi da Alhaji Usman Larden zuwa Najeriya. Suka garzaya kotu suka ce a Gana aka haife su. Ana cikin shari'a majalisar dokoki ta zauna ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutum biyun nan, ta rufe ƙarar, aka fitar da su. Bambancin Kumasi da Maiduguri ba a takardun mutanen yake ba. A Kumasi an ƙwace maganar daga hannun alƙali kafin ya buɗe baki, a Maiduguri an bar shi ya yanke, gwamnati kuma ta bi ta hanyar ɗaukaka ƙara. Wannan ɗaya dai a rubuta wa jamhuriya ta biyu a gefen alheri.

Daga baya cutar ta kama manya. Kenneth Kaunda ya mulki Zambiya shekara 27, amma da ya nemi dawowa sai aka gyara tsarin mulki a 1996 don a hana shi, saboda iyayensa daga Malawi suka zo. A Kwaddibuwa an hana Alassane Ouattara takara a 2000 da sunan asalinsa na Burkina ne, alhali ya riƙe muƙamin firayim minista a ƙasar. Shekara biyu bayan haka yaƙi ya raba ƙasar gida biyu.

Nijar tana da fuska biyu a wannan magana, kuma ya kamata mu dubi duka. Ta farko abin yabo ce. Léopold Kaziendé Bamoshe ne daga Kaya, a Burkina Faso ta yau. Aikin koyarwa ya kawo shi Nijar a zamanin Faransa, ya karantar da ƴaƴan mutane, ya zauna ya zama na gida. Diori Hamani ya ba shi ma'aikatar ayyuka ya riƙe shekaru masu yawa, ya zauna majalisar ministoci ɗaya da Sarkin Kance Amadu Isaka, kuma ranar 15 ga Afrilun 1974 da sojoji suka kifar da gwamnati shi ne ministan tsaro. Ƙasa ta damƙa wa wanda aka haifa a wajenta ma'aikatar sojojinta. Da aka tsare shi bayan juyin mulki, tare da sauran ministocin Diori aka tsare shi, a matsayin ɗan gwamnatin da ta faɗi. Fuska ta biyu kuwa, gwamnatin nan dai ita ce a ƙarshen 1963, da rigimar tsibirin Lete ta yi zafi tsakaninta da Dahome, ta sallami ma'aikata ƴan Dahome ta kore su da iyalansu, mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. A zamaninmu kuma mun ga yadda aka yi a 2020. Mohamed Bazoum ya wakilci Tasker ta jihar Damagaram a majalisar dokoki daga 1993, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, ya riƙe ta cikin gida. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa sai takardun asalinsa suka zama ƙara a gaban Kotun Tsarin Mulki, kotun kuma ta yi watsi da ita. Mai karatu yana da damar ya so siyasar mutumin ko ya ƙi ta. Akwai abubuwa da yawa da za a yi gardama a kansu. Abin da nake nunawa shi ne lokacin da aka zaɓa aka ta da maganar.

Akwai wani gefen labarin Shugaba da yake damuna. Ya tsira ne domin yana da jam'iyya mai gwamnoni biyu, da lauyoyi, da jaridu, da uwa mai rai. Shekara uku bayan korarsa, a watan Janairun 1983, farashin man fetur ya faɗi, zaɓe ya matso, sai gwamnatin Shagari ta ba duk baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Wajen mutum miliyan biyu aka ƙiyasta sun fita. An fi tunawa da ƴan Gana, amma akwai namu a ciki da yawa: ƴan ga-ruwa, masu gadi, masu yankan farce, almajirai, ƴan cin rani da suka saba sauka Kano da Legas bayan an gama girbi. Ba wanda ya tsaya tambayar su garin da aka haifi uwayensu. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, fari ya zo ya tarar da ita a rufe, har mutanen wannan yanki suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Hukuncin Maiduguri bai ciyar da kowa a cikinsu ba, domin doka ba ta aiki ga wanda ba shi da hanyar isa gabanta.

Shi kuwa Shugaba ya dawo garinsu. Jamhuriyar da ta kore shi ta faɗi ranar 31 ga Disamban 1983, ya rayu shekara 26 bayanta, ya rasu a 2010 yana ɗan Najeriya.

Dokokin ƙasashen biyu sun gyaru fiye da yadda mutanenmu suka sani. Tun 1999 mace ƴar Nijar tana ba ɗanta ƴancin zama ɗan ƙasa daidai da namiji, kuma tun 2014 doka ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya riƙe ƙa'idar nan da ta ceci Shugaba, ya kuma bar ɗan ƙasa ta haihuwa ya haɗa da wata ƙasar. Ke nan ɗan farin da aka haifa a Zango, ubansa na Dawce, uwarsa ta can, a idon doka ɗan gida ne a gefe biyu. Abin da ke kayar da shi rashin shaida ne, musamman idan ungozoma ta rasu, kaka ta rasu, liman da ya raɗa suna ya rasu.

Don haka kirana ga iyaye da masu gari da limamai da ma'aikatan gidan magajin gari a Dawce da Kance da Ɗan Barto da Yawuri: duk jaririn da aka dawo da shi daga goyon ciki a rubuta shi cikin wa'adin da doka ta tsara, da cikakken sunan uwarsa da garin da aka haife ta. Wanda ya riga ya girma ba takarda, ya je kotu a yi masa tun shaidunsa suna da rai. Masu neman ƙuri'unmu kuma, duk wanda ya hau duro ya ce abokin takararsa ba ɗan nan ba ne, a tambaye shi a gaban jama'a tun yaushe ya sani, kuma me ya hana shi faɗa sai yau.